Daga Arlit Zuwa Faransa: Bin Sawun Gangar Yuraniyom

Idan aka ce ƙasa biyu suna ciniki tsakaninsu, kasuwa ce ke fara faɗo wa mutum a rai: ga mai kaya, ga mai kuɗi, a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Haka ake cinikin albasa a Galmi, kuma manomin da tayi bai yi masa ba yana iya ɗinke bakin buhunsa ya jira wata mota. To, cinikin ƙasa mai masana'antu da ƙasa mai tasowa ya fi haka sarƙaƙiya, kuma sarƙaƙiyar ce ke sa mutane da yawa su tsaya ga cewa "ana cutar mu" ko "ana taimaka mana" ba tare da sun ga inda kuɗin ke bi ba. Ina so mu ɗauki ciniki guda da muka sani, wato na yuraniyom tsakanin Nijar da Faransa, mu bi shi daki-daki, tun daga ramin da ake haƙowa har zuwa fitilar da ke ci a birnin Paris.

Tushen maganar ya girmi jamhuriyar kanta. A 1957 masu binciken ƙasa na Faransa suka ci karo da yuraniyom a Azelik, suna neman tagulla. Nijar ta samu 'yanci a watan Agustan 1960, kuma a watan Afrilun 1961 ta sa hannu, tare da Kodebuwa da Dahome, kan yarjejeniyar tsaro da Faransa. A cikin rataye na wannan takarda akwai sharaɗin da ya shafi ma'adinan da ake kira na tsaro, har da yuraniyom: idan za a sayar, Faransa za a fara yi wa tayi. Ka ga ke nan tun kafin a haƙa rami ko ɗaya an riga an san mai saye. A 1968 aka kafa kamfanin Somaïr, ya fara fitar da kaya a Arlit a 1971. A 1974 aka kafa Cominak a Akokan, ya fara aiki a 1978. Garin Arlit kansa saboda ma'adinin aka gina shi a tsakiyar hamada, yamma da duwatsun Abzin.

Faransa kuwa buƙatarta ta ƙaru ne bayan tashin farashin man fetur na 1973. Ba ta da mai, sai gwamnatinta ta yanke shawara a 1974 ta dogara da nukiliya wajen samar da lantarki. Yau tana da tukwanen nukiliya sama da 50, kuma kusan kashi 65 zuwa 70 cikin 100 na wutarta daga nan yake fitowa. Mahaƙarta ta ƙarshe a cikin gida ta rufe a 2001. Duk yuraniyom ɗin da take ƙonawa tun daga lokacin daga waje yake zuwa.

Tambayar farko da ya kamata a yi wa kowane ciniki irin wannan ita ce: wane ne mai sayarwar? Da yawa za su ce Nijar. A takarda kuwa kamfani ne. Somaïr kamfani ne mai rajista a Nijar, amma shekara da shekaru, har zuwa 2025, kashi 63.4 na hannun jarinsa na kamfanin gwamnatin Faransa ne, wanda ya canza suna sau da dama, daga Cogema zuwa Areva, daga Areva zuwa Orano a 2018. Sauran kashi 36.6 na gwamnatin Nijar ne ta hannun kamfaninta Sopamin. A Cominak, Faransawa na da kashi 34, Nijar 31, wani kamfanin Japan 25, na Sifaniya 10. Abin da mahaƙar ta fitar, masu hannun jarin ne suka riƙa sayensa, kowa gwargwadon rabonsa, a kan farashin da aka tsayar. Ma'ana, babban mai sayarwa shi ne kuma babban mai saye. Hannun dama ke miƙa wa hannun hagu.

A nan ya kamata a dakata, domin duk sauran bayanin a kan wannan ya rataya. Mu ɗauki misali mai sauƙi. A ce kana da gona ka ba wani aro, da sharaɗin za ku raba ribar abin da ya noma. Shi ya kawo taki, shi ke riƙe da littafin kashe-kashe, kuma shi ne ke sayen amfanin gonar ya kai shagonsa na birni. Idan ya saya da araha, ribar gona ta ragu, rabonka ya ragu, amma shi bai yi asarar komai ba, domin abin da ya rasa a gona ya same shi a shago, inda ba ka da kaso. Ko da mutumin kirki ne, tsarin da kansa yana ja masa hannu zuwa gefe guda. Shi ya sa a cinikin ma'adinai abu biyu suka fi kowane jawabin zumunci muhimmanci: farashin da aka rubuta a bakin mahaƙa, da kuma wanda ke ƙidaya kuɗin da aka kashe kafin a ce ga riba.

Farashin yuraniyom ɗin Nijar ba a kasuwar duniya aka riƙa yanke shi ba. Zama ake yi tsakanin gwamnati da kamfani a tsayar da shi da kuɗin sefa a kan kowane kilo. Tarihin wannan zama tarihin siyasar Nijar ne. A farkon 1974, da farashin makamashi ya hau a duniya, Shugaba Diori Hamani ya nemi a sake lale, ga ƙasar tana fama da fari mai tsanani. Ana cikin tattaunawar sojoji suka kifar da shi a ranar 15 ga Afrilu. Masana tarihi har yau suna jayayya kan ko hannun Faransa na ciki, amma jerin kwanakin kaɗai ya isa ya bar tabo a zukatan 'yan Nijar. Zamanin Seyni Kountché farashi ya yi kyau, yuraniyom ya ture gyaɗa ya zama kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ƙasar ke fitarwa. Da kuɗinsa aka yi manyan gine-ginen Yamai na wancan lokaci, aka kuma shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit. A 1981 an haƙo sama da tan 4,000. Daga nan kasuwa ta faɗi, bashin da aka ci bisa tsammanin farashi zai dore ya tsaya a wuya, zuwa 1983 Nijar ta je ƙofar Asusun Ba da Lamuni na Duniya.

Sai 2007 aka sake babban zama. Kilo yana sefa 27,300, wato jika 27 da 'yan kai, alhali a kasuwar duniya laba ɗaya ta kai dala 136 a tsakiyar shekarar, wanda idan aka juya shi zuwa kilo ya haura jika 150. Shugaba Tandja Mamadou ya tsaya kai da fata, aka mayar da kilo jika 40, a shekarar da ta biyo baya jika 55. Ya kuma samo wa Nijar damar sayar da wani ɓangare na rabonta da kanta, ya buɗe ƙofa ga kamfanin China a Azelik. Abin lura shi ne bai samu wannan ƙari ba sai da kasuwa ta yi zafi kuma wani mai saye ya leƙo.

Adalci ya wajaba a nan. Farashin yarjejeniya ba kullum yake ƙasa da na kasuwa ba. A shekarun 1990, da kuma bayan haɗarin Fukushima na Japan a 2011, akwai lokutan da abin da ake biyan Nijar ya fi farashin kasuwar nan take. Akwai kuma wata magana da ta yaɗu a wayoyi bayan juyin mulkin 2023, wai Faransa ba ta biyan ko yuro ɗaya a kan kilo. Ba gaskiya ba ce. Ko tsohon farashin nan na sefa 27,300 ya haura yuro 41. Haka ma zancen da ake yawan yi cewa fitila ɗaya cikin uku a Faransa da yuraniyom ɗin Nijar take ci. A shekaru goman da suka gabaci 2023, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da Faransa ta shigo da shi ne ya fito daga Nijar, Kazakistan na gaba da ita, Uzbekistan na biye. Ina faɗin wannan ne don mai gaskiya ba ya buƙatar ƙarin gishiri, kuma duk wanda ya shiga ɗakin tattaunawa da alƙaluman ƙarya, da su za a kayar da shi.

Mataki na gaba: daga kuɗin da aka sayar, nawa ke shiga hannun Nijar? Ta ƙofa huɗu yake shigowa. Akwai kuɗin ƙasa da ake cira daga darajar kayan, akwai harajin riba, akwai rabon Sopamin a matsayinta na mai hannun jari, sai albashin ma'aikata da kwangilar 'yan ƙasa. Kuɗin ƙasa ya daɗe yana kashi 5.5 cikin 100. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ce zai iya hawa zuwa 9 ko 12 idan riba ta yi yawa, amma kamfanonin biyu suka ce tsofaffin yarjejeniyoyinsu sun kare su daga sabuwar doka. Ga kuma rangwamen kwastan da na wasu haraji a kan kayan aiki da man da suke shigowa da su. A 2013 ƙungiyar Oxfam da ƙungiyar ROTAB ta Nijar suka fitar da lissafi cewa daga farko zuwa 2010 an fitar da sama da tan 114,000, darajarsa sefa tiriliyan 2.3, kuma abin da ya shiga hannun gwamnati kusan biliyan 300 ne, wato kashi 13. Areva ta musanta, ta ce mafi yawan ribar Nijar ke ɗauka. Abin mamaki, duka maganganun biyu suna iya zama daidai a lokaci guda, domin ɗaya yana auna rabon Nijar da darajar kaya, ɗayan yana auna shi da ribar da ta rage bayan an cire kashe-kashe. Mun koma ga mai riƙe da littafi.

An yi wata da watanni ana ja-in-ja, ga zanga-zanga a Yamai da Arlit, kafin a cimma sabuwar yarjejeniya a watan Mayun 2014, zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou, wanda shi kansa injiniyan ma'adinai ne da ya yi aiki a Somaïr. Aka amince da dokar 2006, aka ce 'yan Nijar za su shugabanci kamfanonin biyu, Areva ta yi alƙawarin yuro miliyan 90 don gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit. A daidai wannan zama kuma aka jingine aikin Imouraren, babbar mahaƙar da aka sa wa hannu a 2009 aka ɗora mata dogon buri, da hujjar cewa farashi ya faɗi.

Yanzu mu bi kayan da kansa. Dutsen Arlit ba shi da yuraniyom mai yawa: a tan guda na dutse, kilo biyu zuwa huɗu ake samu. Ana fasa dutsen, a niƙa, a jiƙa shi da ruwan asid da ake haɗawa daga farar wuta, a tace, a busar. Abin da ke fita gari ne mai launin garin ɗorawa. Shi ake ɗurawa a gangunan ƙarfe, a like, a jera cikin kwantena. Kafin rufe iyakar Benin a 2023, manyan motoci kan ɗauka da rakiyar sojoji, su bi ta Agadas da Tawa da Dosso, su tsallaka kogi a Gaya, tafiyar kusan kilomita 2,000 zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano. A nan aikin Nijar ya ƙare.

Wannan gari kuwa ba ya kunna ko fitilar aci-bal-bal. A Faransa ake fara sarrafa shi a Malvési, kusa da Narbonne. Daga nan a kai shi Tricastin a mayar da shi iska, a zuba a na'urori masu juyawa da gudun gaske, domin nau'in yuraniyom ɗin da ke ba da zafi kashi 0.7 ne kawai cikin 100, ana so a ɗaga shi zuwa tsakanin 3 da 5. Sannan a Romans-sur-Isère a dunƙule shi ƙanana-ƙanana kamar kan ɗan yatsa, a jera cikin dogayen sandunan ƙarfe. Su ne ake sa wa a tukunya su tafasa ruwa, tururi ya juya injin, wuta ta fito. Kowane mataki a cikin waɗannan masana'anta ce, da injiniyoyinta, da makarantun da suka horar da su, da harajin da take biya. A kuɗin da Bafaranshe ke biya na lantarki, ɗanyen yuraniyom bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Wannan shi ne babban sirrin ciniki tsakanin mai masana'anta da mai ɗanyen kaya. Ko an ninka wa Nijar farashi, da ƙyar mai gida a Lyon zai gani a takardar wutarsa. Ita kuwa Nijar, ƙarin ko ragin jika goma a kilo yana iya zama albashin malaman makaranta.

Me ke dawowa ta wannan hanya? Magunguna, injina, kayan lantarki, kayan gyara, abincin gwangwani. Kaya ne da aka gama sarrafawa, farashinsu ba ya faɗuwa irin faɗuwar ma'adini. Har farar wutar da mahaƙar ke buƙata daga waje ta riƙa zuwa ta Kwatano. Akwai kuma batun kuɗi. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan yuro ɗaya. Wannan yana hana hauhawar farashi irin wadda maƙwabta ke sha, yana kuma sauƙaƙa wa kamfanin waje fitar da ribarsa ba tare da fargabar canji ba. Amma ƙasar ba ta da ikon taɓa darajar kuɗinta ita kaɗai idan kasuwa ta juya mata baya. Dattawa ba su manta da watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta, maganin asibiti ya ninka kuɗi.

Akwai abin da ba ya shiga rasit ko kaɗan. Tun da kilo kaɗan ake cira daga tan, kusan duk dutsen yana nan inda aka niƙa shi. Da Cominak ta rufe a ƙarshen Maris 2021, bayan ta fitar da kusan tan 75,000, ta bar tudun dusar ma'adini na kimanin tan miliyan 20 a gefen Akokan, mai fitar da tururin guba da zai daɗe fiye da tunanin ɗan Adam. Tun 2003 cibiyar bincike ta CRIIRAD ta Faransa, tare da ƙungiyar Aghirin'man ta Arlit, ke nuna damuwa kan ruwan sha, da ƙura, da tarkacen ƙarfen mahaƙa da ke ƙarewa a kasuwa a yi tukwane ko rufin ɗaki da shi. Kamfanin ya ce yana bin ƙa'ida, ya kuma fara aikin rufe tudun da laka da duwatsu. Ruwan da aka yi shekara 50 ana zuƙowa daga ƙarƙashin hamada kuwa tsohon ruwa ne da damina ba ta mayar da shi. Ni a ganina duk lissafin ribar da bai cire wannan ba, lissafi ne da bai cika ba. Kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne, ƙasar da ta yi rabin ƙarni tana ciyar da tukwanen lantarkin Turai, mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da wuta a gidansa. Gawayin Anu Araren da ake ƙonawa kusa da Cirozerin, domin mahaƙun aka fara haƙo shi. Yamai kuwa, kafin 2023, daga Nijeriya ta riƙa samun mafi yawan wutarta.

Ba a ce Nijar ba ta samu komai ba. Dubban iyalai sun ci abinci, an horar da injiniyoyi, asibitocin kamfanonin sun yi wa mutanen yankin magani. Tambayar ita ce ko abin da aka samu ya kai abin da aka bayar.

Saura mataki na ƙarshe, wanda ke nuna ƙarfin kowa a ciniki: wa zai iya tashi ya bar wajen? Shekarun nan sun ba da amsa a fili. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, iyakar Benin ta rufe, Nijeriya ta yanke wuta. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar nata ɓangaren iyakar a rufe, gangunan suka taru a Arlit. A watan Yunin 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta karɓe lasisin Imouraren. A Disamba Orano ta ce Somaïr ta fita daga hannunta. A Yunin 2025 aka mayar da kamfanin mallakar ƙasa, Orano kuwa tuni ta kai ƙara kotun sasanta rikicin zuba jari ta Bankin Duniya. A duk tsawon wannan lokaci fitila ko ɗaya ba ta mutu a Faransa saboda rashin yuraniyom ba. Tana da ajiyar shekaru, tana da mahaƙu a Kanada da Kazakistan, ta kuma ƙulla sabuwar yarjejeniya da Mongoliya. Nijar a 2022 tan 2,020 ta fitar, kusan kashi 4 na duniya, alhali Kazakistan ita kaɗai ta haura kashi 40. Yuraniyom kuma ba albasa ba ne da za a loda wa duk motar da ta tsaya. Masana'antun da ke iya sarrafa shi a duniya 'yan ƙalilan ne, a Faransa da Kanada da Amurka da Rasha da China, kuma kowace ganga ana bin sawunta a ƙarƙashin dokokin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya.

Ikon ƙasa a kan arzikinta haƙƙi ne, kuma na fahimci farin cikin da mutane suka yi da karɓe Somaïr. Amma duk tambayoyin da muka bi a baya suna nan suna jiran sabon mai saye, ko daga Mosko ya zo ko daga Beijin. Nawa kilo, kuma da wane ma'auni? Wa ke riƙe da littafin kashe-kashe? Ta wace hanya kayan zai kai teku, kuma wa zai biya? Wa zai rufe tudun Akokan? Nawa za a mayar wa jihar Agadas? Yanzu ma da man Agadem ya fara bin bututu zuwa gaɓar Benin tun 2024, tambayoyin nan sun shafe shi kamar yadda suka shafi yuraniyom.

Kundin tsarin mulkin Nijar na 2010 ya tanadi cewa a buga duk yarjejeniyar ma'adinai, da kuɗin da kowane kamfani ya biya, a jaridar gwamnati. An dakatar da kundin a 2023, amma babu abin da ya hana masu mulki aiki da wannan tanadi da kansu. Roƙona gare su shi ne, duk takardar da za a sa wa hannu a kan yuraniyom ɗin Arlit, da kowace ƙasa ce, a buga ta da Faransanci, a fassara ta da Hausa da Zabarmanci da Buzanci, a karanta a gidajen rediyo, mutanen Akokan su ji farashin kilo da kunnensu.